Filin Jirgin Saman Kochin: Yadda Gwamnati Ta Mai Da Hasken Rana Jari

Duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgin sama yana jiran tashi, musamman a lokacin jigilar alhazai, ya san cewa wurin gari ne guda wanda ba ya barci. Fitilun titin sauka da tashin jirage suna kunne, na'urorin sanyaya zauren matafiya suna aiki, injinan tantance kaya ba sa hutawa, haka nan hasumiyar da ke yi wa matuƙa jagora ba ta da damar rasa wuta ko da ta daƙiƙa ɗaya ce. A ƙasashe irin namu, idan mutum ya zaga bayan ginin, zai tarar da manyan janaretoci suna ruri suna tofar da baƙin hayaƙi, da tankokin dizal da ake cika su ba dare ba rana. Kuɗin wannan mai daga aljihun matafiyi da baitulmalin gwamnati yake fitowa, hayaƙin kuwa ma'aikata da mazauna unguwannin da ke kewaye ne suke shaƙarsa.

A 'yan shekarun nan an yawaita magana a kan tallafin da ya kamata gwamnatoci su bayar domin filayen jiragen sama su rage ɓarnar da suke yi wa muhalli. Da zarar an ambaci tallafi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne a ware maƙudan kuɗi a kasafi, a ba da kwangila, a yanka zare. Ina ganin akwai wani misali daga kudancin Indiya da ya cancanci mai karatu ya san shi ciki da bai, domin ya nuna cewa gudummawar gwamnati mafi amfani a wannan fage takan zo ne ta fuskar ƙasa, da doka, da haƙuri, da kuma barin masu aiki su yi aikinsu. Misalin kuwa shi ne filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Kochin da ke jihar Kerala, wanda a shekarar 2015 ya zama filin jirgi na farko a duniya da ke samar da dukkan wutar da yake buƙata daga hasken rana.

Kafin a kai ga batun hasken rana, ya dace a san yadda filin kansa ya samu, domin a nan asirin yake. Kerala jiha ce da ɗimbin 'ya'yanta suke ci-rani a ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait. A farkon shekarun 1990, birnin Kochin ba shi da filin jirgi sai na sojojin ruwa, wanda titinsa ya yi wa manyan jirage kaɗan, gwamnatin tarayyar Indiya kuma ba ta da kuɗin gina sabo. Sai wani jami'in gwamnati mai suna V. J. Kurian, wanda a lokacin shi ne babban jami'in mulki na gundumar Ernakulam, ya kawo shawarar a kafa kamfani wanda gwamnatin jiha da bankuna da 'yan kasuwa da kuma su kansu 'yan ci-ranin za su zuba jari a cikinsa. Babban Ministan jihar na wancan zamani, K. Karunakaran, ya mara wa shawarar baya, aka yi wa kamfanin rajista a shekarar 1994.

Dubban 'yan asalin Kerala da ke zaune a ƙasashe kusan 30 suka sayi hannun jari, gwamnatin jiha ta riƙe kusan kashi ɗaya bisa uku, aka kuma tsara cewa Babban Ministan jihar ne zai riƙa shugabantar hukumar daraktoci. Iyalai sama da 800 aka tasa daga yankin Nedumbassery inda aka gina filin, aka ba su filayen gina gidaje tare da guraben aiki ko izinin yin tasi a filin jirgin. A ranar 25 ga Mayu, 1999, Shugaban Ƙasar Indiya K. R. Narayanan ya buɗe shi, ya zama filin jirgi na farko a ƙasar da aka gina da haɗin gwiwar gwamnati da jama'a. Abin lura a nan shi ne, tun ran gini tun ran zane: filin ya tashi yana da masu shi waɗanda suke jiran riba a ƙarshen shekara, suke kuma tambayar inda kowane kwabo ya shiga.

Wannan ne ya sa lokacin da kuɗin wutar lantarki ya fara yi wa kamfanin nauyi, shugabanninsa ba su tsaya kuka ba. A shekarar 2013 suka fara gwaji da ɗan ƙaramin aiki mai ƙarfin kilowat 100, suka jera farantan sola a kan rufin zauren masu isowa. Da suka ga abin ya yi kyau, kafin shekarar ta fita suka ƙara wani mai ƙarfin megawat 1. Sai da suka tabbatar da lissafinsu a aikace, sannan suka ɗauki babban mataki. A ranar 18 ga Agusta, 2015, Babban Minista Oommen Chandy ya ƙaddamar da tashar megawat 12, mai farantai 46,150 da aka shimfiɗa a kan eka 45 kusa da sashen dakon kaya. Kamfanin Bosch ne ya yi aikin, a kan kuɗi kimanin rufi miliyan 620, wato ƙasa kaɗan da dalar Amurka miliyan 10 a canjin wancan lokaci. Wutar da tashar take samarwa a yini, kimanin yunit 50,000, ta yi daidai da abin da filin yake sha. Kamfanin ya ƙiyasta cewa zai mayar da kuɗinsa cikin shekara shida ko ƙasa da haka, kuma cikin shekara 25 za a kauce wa fitar da hayaƙin kabon da ya kai tan 300,000.

Mai karatu zai iya tambaya, to ina hannun gwamnati a nan, tunda kamfani ne ya biya daga aljihunsa? Hannunta na farko shi ne ƙasa. Kowane filin jirgin sama yana da makekiyar fili da doka ta hana a yi dogon gini a kansa saboda lafiyar jirage, wanda in ba a yi komai da shi ba sai ciyawa ta cinye shi, tsuntsaye su mai da shi gida, su zama barazana ga injinan jirage. Gwamnatin Kerala ce ta tsaya aka mallaki wannan ƙasa tun farko, kuma a matsayinta na babbar mai hannun jari ta yarda a yi amfani da wani ɓangare nata wajen noman wuta. Wanda ya san yadda neman fili yake kashe manyan ayyuka a ko'ina cikin duniya zai fahimci girman wannan gudummawa.

Hannu na biyu, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci, yana ga hukumar wutar lantarki ta jihar, wadda ita ma mallakar gwamnati ce. Rana tana faɗuwa, filin jirgi kuwa ba ya rufewa, hasali ma jiragen da ke zuwa daga ƙasashen Larabawa da dama cikin dare suke sauka. Da an ce sai an sayi baturan da za su adana wutar dare gaba ɗaya, da tsadarsu a shekarar 2015 ta kashe aikin tun a takarda. Sai aka yi yarjejeniya cewa filin zai riƙa tura rarar wutar da ya samar da rana zuwa babban layin jihar, idan dare ya yi ya karɓi kwatankwacinta, a yi lissafi a ga wanda yake bin wani. Wato babban layin ya zama kamar rumbu, ana zuba hatsi da kaka ana ɗiba da bazara. Saboda haka idan aka ce filin Kochin yana aiki da hasken rana ɗari bisa ɗari, ma'anar ita ce abin da ya zuba ya kai ko ya zarce abin da ya ɗiba. Wannan tsari bai ci wa gwamnati wasu kuɗi masu yawa ba, amma ba don shi ba da ba a yi komai ba.

Hannu na uku ya fito daga gwamnatin tarayya. A watan Janairun 2010 Indiya ta ƙaddamar da shirin ƙasa na wutar hasken rana, da burin samar da megawat 20,000 kafin shekarar 2022, sannan a 2015 ta ɗaga burin zuwa megawat 100,000. Wannan shiri ya buɗe kasuwa, ya haifar da kamfanoni da injiniyoyi da masu gyara a cikin gida, ya kuma zo daidai da lokacin da farashin wutar sola ya karye a duniya da sama da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Da Kochin ta tashi neman masu aiki, ba sai ta ɗauko su daga wata duniya ba. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hannu na huɗu kuwa shi ne haƙuri da rashin katsalandan. Kerala jiha ce da mulki ya daɗe yana juyawa tsakanin gamayyar da jam'iyyar Congress take jagoranta da ta 'yan kwaminisanci, kuma adawar da ke tsakaninsu ba ta wasa ba ce. Gwamnatin Chandy ta Congress ce ta buɗe tashar farko, a 2016 mulki ya koma hannun Pinarayi Vijayan na ɓangaren 'yan kwaminisanci, amma aikin bai tsaya ba. Aka ci gaba da ƙara farantai, har a kan rufin wurin ajiye motoci na sabon zauren da aka buɗe a 2017. A 2021 kamfanin ya ƙaddamar da ƙaramar tashar wutar ruwa mai ƙarfin megawat 4.5 a Arippara, a 2022 kuma ya buɗe wata tashar sola ta megawat 12 a Payyannur, jimillar ƙarfin solarsa ta kai megawat 50. A tsakanin layukan farantan kuma ana noman kayan lambu da ruwan da ake wanke su da shi, ganyen yana rage ƙura da zafi, amfanin gonar kuma ana sayar da shi. A shekarar 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba filin babbar lambar yabonta ta kare muhalli.

To amma fa labarin yana da wani ɓangare mai ɗaci, wanda bai kamata a ɓoye shi ba. A watan Agustan wannan shekara ta 2018, Kerala ta ga ambaliyar da ba ta ga irinta ba cikin kusan shekara ɗari, mutane sama da 400 suka rasa rayukansu. Kogin Periyar ya tumbatsa bayan an buɗe ƙofofin madatsun ruwa, ruwan ya bi ta wani rafi mai suna Chengalthodu ya mamaye titin jirage da zauren matafiya, ya rushe wani dogon ɓangare na katanga, ya lalata wani kaso na farantan solar da ake alfahari da su. Filin ya kasance a rufe daga 15 zuwa 29 ga Agusta, asarar da aka ƙiyasta ta haura rufi biliyan 2, aka koma amfani da tsohon filin sojojin ruwa domin ƙananan jirage. A watan Agustan 2019 ruwa ya sake tilasta rufe shi na wasu kwanaki. Masu suka sun tuna wa hukuma cewa a kan fadamar shinkafa aka gina filin, kuma an karkatar da rafin daga hanyarsa ta asali lokacin gini. Sai bayan wannan ta'adi ne aka shiga aikin faɗaɗa magudanun ruwa da gina gadoji a yankin.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, kula da muhalli a filin jirgi fuska biyu gare shi. Akwai rage hayaƙin da filin yake fitarwa, akwai kuma shirya shi domin ya jure wa sauyin yanayin da ya riga ya iso. Kamfani yana iya ɗaukar nauyin na farko saboda akwai riba a cikinsa, amma na biyu ya shafi koguna da madatsun ruwa da tsarin gari, abubuwan da suke wajen katangar filin, waɗanda babu mai iko da su sai hukuma. Ba Kochin kaɗai ta ɗanɗana wannan ba. A watan Afrilun 2024 ruwan sama ya malale filin jirgin Dubai har aka soke jirage sama da dubu, a watan Mayun shekarar kuma ambaliya ta rufe filin Porto Alegre na ƙasar Brazil, bai sake karɓar jirage ba sai a watan Oktoba.

Akwai kuma aikin sa ido, wanda shi ma na gwamnati ne. Farantin sola gilashi ne, idan aka kafa shi ba bisa lissafi ba ƙyallinsa yana iya kashe idon matuƙi ko jami'in hasumiya. A shekarar 2012 sai da aka lulluɓe wasu farantai da tamfol a filin jirgin Manchester da ke jihar New Hampshire ta Amurka, saboda jami'an hasumiya sun koka da ƙyalli, daga baya aka juya fuskarsu. A 2025 kuma filin Schiphol na ƙasar Holand ya riƙa rufe ɗaya daga cikin titunansa na wasu sa'o'i a yini saboda ƙyallin wata gonar sola da ke maƙwabtaka da shi, har maganar ta kai kotu. Wannan ya nuna cewa hukumar kula da sufurin jiragen sama tana buƙatar ƙa'ida rubutacciya tun kafin a kafa faranti ko ɗaya.

Har ila yau, gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar abin da sola za ta iya. Sufurin jiragen sama yana fitar da kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma mafi yawan wannan daga man da jirage suke ƙonawa a sararin sama yake fitowa; gine-ginen filin kaso kaɗan ne. Filin Kochin ya haura fasinja miliyan 10 a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018, kuma kowane jirgi da ya ɗauke su man kananzir ya sha. Shi ya sa ƙasashe suka ɗauki wasu matakan daban. A watan Oktoban 2022, taron Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, a birnin Montreal ya amince da burin kawo ƙarshen ƙarin hayaƙin wannan fanni nan da shekarar 2050. Tarayyar Turai ta wajabta a gauraya kashi 2 cikin 100 na man jirgi mai tsabta daga 2025, kason zai hau zuwa 6 a 2030. Faransa kuwa a watan Mayun 2023 ta haramta wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgi a cikin gida, inda jirgin ƙasa yake iya kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Duk waɗannan matakai ne da babu manajan filin jirgin da zai iya ɗauka da kansa.

Duk da haka, akwai wani wuri da filin jirgi yake iya taɓa man jirgin kai tsaye. Idan jirgi ya tsaya yana sauke fasinja ko yana lodi, akwai wani ƙaramin inji a wutsiyarsa da ake barinsa a kunne domin ya ba da wuta da sanyi, yana ƙona mai yana kuma cika wurin da ƙara. Idan filin ya tanadi wuta da iska mai sanyi a bakin ƙofa, sai a kashe injin. Amurka ta fara tallafa wa irin wannan aiki tun 2004, ta wani shiri na hukumar sufurin jiragenta da ke biyan kaso mai tsoka na kuɗin kayan. A nahiyarmu ma an gwada. Da tallafin Tarayyar Turai da ICAO, an buɗe tashar sola mai ƙarfin kilowat 500 a filin jirgin Moi da ke Mombasa ta Kenya a watan Disambar 2018, sannan wata mai ƙarfin megawat 1.2 a filin Duwala na maƙwabciyarmu Kamaru a farkon 2019, duka domin ciyar da jirage a bakin ƙofa. Kafin su, a 2016, kamfanin filayen jiragen Afirka ta Kudu, wanda gwamnati ce ke da mafi yawansa, ya ƙaddamar da tashar kilowat 750 a filin George.

A Indiya kanta, abin da Kochin ta fara ya bazu. A 2020 filin Puducherry ya zama na farko cikin filayen hukumar tarayya da ya koma sola gaba ɗaya, a watan Yunin 2022 kuma filin Indira Gandhi na Delhi, wanda shi ne mafi cunkoso a ƙasar, ya sanar da cewa dukkan wutarsa daga rana da ruwa take fitowa. Abin da jiha ɗaya ta gwada da kilowat 100 ya zama tafarkin ƙasa cikin ƙasa da shekara goma.

Yanzu bari mu waiwayo gida, domin ba don nishaɗi na kawo wannan dogon labari ba. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a watan Nuwambar 1925, kuma filin Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Hasken ranar da ke sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri ya fi na Kerala, inda damina take rufe sama na tsawon watanni. Filayen jiragenmu suna da ƙasa mai faɗi da babu abin da ake yi da ita. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane yunit, dizal kuwa ya daɗe da fin ƙarfin hukumomi da masana'antu. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kuma a wurinmu maganar wuta a filin jirgi ta wuce batun kuɗi. Rahoton binciken haɗarin jirgin Sosoliso da ya faɗi a Fatakwal ranar 10 ga Disamba, 2005, inda mutum 108 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai 60, ya ɗora babban dalili a kan mummunan yanayi da kuma ci gaba da yunƙurin sauka ba tare da ganin titi ba, amma ya ambaci cewa fitilun filin ba su kunne a lokacin.

Sai dai kwaikwayon Kochin ido rufe ba zai yi mana ba. Rumbun da ta dogara da shi, wato babban layin wuta mai ɗorewa, mu ba mu da shi. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Saboda haka tsarin da zai dace da mu shi ne wanda ya haɗa sola da batura, a bar janareta domin ko-ta-kwana, ga shi kuma farashin batura ya sauka ƙwarai idan aka kwatanta da 2015. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a Kano, domin a watan Satumbar 2019 Hukumar Samar da Wuta a Karkara ta ƙaddamar da tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa waɗannan abubuwa uku, a watan Janairun 2023 kuma aka buɗe tashar sola ta megawat 10 a Kumbotso. Akwai kuma ƙurar hunturu, wadda take rufe farantai ta rage musu ƙarfi, don haka duk aikin da bai tanadi ruwan wanki da albashin masu wankin ba tun a takarda, an gina shi ne domin ya mutu. A nan ma dabarar Kochin ta noman lambu da ruwan wanki za ta karɓi mutanen da suka gaji noman rani kaka da kakanni.

Ta fuskar doka ma ba daga sifiri za mu fara ba. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, a shekarar ne kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin gwamnatin jiha tana iya shimfiɗa ƙa'idar da za ta ba filin jirgi damar sayar da rarar wutarsa ga maƙwabta. A watan Disambar 2017 gwamnatin tarayya ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69, irinsu na farko da wata gwamnati ta fitar a Afirka. Kayan aikin suna nan a warwatse, abin da ya rage shi ne mai haɗa su wuri guda.

Babban gibin da ke tsakaninmu da Kerala yana ga tambayar wa zai ci ribar tsimi. Kamfanin Kochin ya san cewa duk rufin da ya rage daga kuɗin wuta nasa ne, zai zuba shi a sabon aiki ko ya raba wa masu hannun jari, ciki har da gwamnati. A nan kuwa hukumar FAAN tana kula da filaye sama da 20 waɗanda kaɗan ne daga cikinsu suke iya ɗaukar nauyin kansu, kuma a 2024 ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin jiragen sama sun yi barazanar zanga-zanga saboda cire kashi 50 cikin 100 na kuɗin shigar hukumominsu da gwamnati take yi. Manajan da ya san abin da ya tsimta ba zai zauna a filinsa ba, ba shi da dalilin wahalar da kansa. Ballantana kuma a duk inda ake sayen dizal da tanka-tanka, akan samu waɗanda cinikin yake yi wa daɗi, waɗanda ba za su yi murna da zuwan sola ba.

Don haka shawarata ga Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama da gwamnatocin jihohi ba ta da yawa. A zaɓi fili guda, a auna wutar da yake sha da dizal ɗin da yake ƙonawa a shekara, a buga alƙaluman kowa ya gani. A fara da ƙaramin aiki a kan rufi kamar yadda Kochin ta yi a 2013, a bar shi ya shekara ya ga hunturu da bazara da damina kafin a faɗaɗa. Hukumar NCAA ta fitar da ƙa'idar ƙyalli da tazarar farantai daga titi. A ba filin izinin riƙe abin da ya tsimta na wasu shekaru domin biyan bashin aikin da kuma gyara. A kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwarmu da 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da Sudan da Turai su sayi hannun jari, domin mai kuɗi a cikin abu shi ne mai gadinsa na gaskiya. Sannan a duba magudanun ruwan da ke kewaye da kowane fili tun kafin damina, domin ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumbar 2024 ta isa gargaɗi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen Kerala ba su fi mu rana ba, ba su kuma fara da kuɗin da ya fi ƙarfinmu ba. Abin da suka samu shi ne gwamnatin da ta ba da ƙasa, ta gyara doka, ta bar aikin ya tsallake zaɓe bayan zaɓe, ta kuma karɓi darasi lokacin da ruwa ya nuna mata kuskurenta. Shekara ɗari ke nan da saukar jirgi na farko a Kano. Ya rage ga masu riƙe da madafun iko su yanke ko matafiyin da zai sauka a filayenmu nan da shekara goma zai ci gaba da jin rurin janareta, ko kuwa zai hango farantai a shimfiɗe suna tara abin da muke da shi kyauta tun fil azal.